Hatimin Injiniya Ba Kayan Sayarwa Ba Ne

Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi, Legas, ya rufta da rana tsaka. Sama da mutum 40 suka rasu, akasarinsu leburori da masu aikin hannu da suka fito neman na abinci, har da shi kansa mai ginin, Femi Osibona. Ana cikin tonon gawarwaki sai ga wata wasiƙa ta ɓulla a jaridu. Kamfanin injiniyoyin da ke kula da ƙarfin ginin, Prowess Engineering, shi ya rubuta ta tun watan Fabrairun 2020, yana sanar da mai ginin cewa ya zare hannunsa daga aikin. Cikin abin da ya faɗa har da cewa ba a ba shi sakamakon gwajin kankaren da ake zubawa ba. Tsakanin wasiƙar da rushewar wata 20 ne cur, kuma gini ya ci gaba da tashi.

Ni injiniyan gine-gine ne, a nan Kano nake cin abincina, kuma wasiƙar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Wanda ya rubuta ta ya yi abin da da yawa daga cikinmu ba sa iyawa, ya bar kuɗi ya tsira da mutuncinsa. Amma mutum 40 ɗin nan ba su tsira ba. Shi ya sa nake ganin amanar da ke wuyan injiniya ta wuce ya wanke kansa. Amanarsa ta farko ba ta mai biyansa ba ce, ta mutanen da za su shiga ƙarƙashin ginin ce, waɗanda ba su san sunansa ba, ba kuma za su taɓa ganin zanensa ba.

Bari in bayyana gwajin da ake magana a kai, don mai karatu ya ga ƙanƙantar abin da ke raba rai da mutuwa. Ranar da ake zuba dakin ko ginshiƙi, ana ɗibar kaɗan daga kwaɓin a zuba a wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150, idan ya daskare a fitar da dunƙulen kankaren a jiƙa su a ruwa. Bayan kwana 7 a kai wasu ɗakin gwaji a matse su da na'ura har su fashe, sauran kuma bayan kwana 28. Nauyin da suka ɗauka kafin su fashe shi ke faɗa maka ko kankaren ya kai yadda aka tsara. Kuɗin gwajin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin ƙofar shiga gidan. Amma ido ba ya iya wannan aikin. Kankare mai ƙarfi da wanda aka cika wa yashi kamarsu ɗaya da zarar an yi shafe an buga fenti.

A nan sana'armu ta bambanta da sauran. Idan tela ya ɓata maka riga, ranar za ka gani ka mayar masa. Ha'incin gini kuwa binne shi ake yi. Rodi mai kaurin milimita 12 da aka sa a gurbin mai 16 yana can cikin ginshiƙi babu mai ganinsa, alhali ƙarfen da ke cikinsa bai wuce rabi da ɗan ɗori na wanda aka cire ba. Buhun siminti mai kilo 50 da ya kamata a kwaɓa da yashi ninki biyu da tsakuwa ninki huɗu, sai a ce wa 'yan kwaɓa su ƙara kwano uku, su kuma sheƙa ruwa don aiki ya yi sauri. Dakin da ya kamata a bar masa katako da gora har mako uku, ana ba shi ruwa safe da yamma, sai a kwance a kwana goma saboda kafinta na son kai katakonsa wani aikin. Kowanne cikin waɗannan ƙarami ne a idon mai yinsa. Haɗuwarsu ce ke kashe mutane.

Na taɓa tsayawa da wani attajiri a bakin aikinsa, an ɗaure rodin ginshiƙai ana jiran zuba kankare. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan ƙarfen ai ya yi yawa. Maƙwabcina da rabin wannan ya yi nasa, ga shi nan tsaye shekara biyar. Kuma ina so a ƙara hawa ɗaya a sama." Na ce, "Ranka ya daɗe, harsashin nan hawa biyu aka lissafa masa. In kana son na uku, sai mu koma ƙasa mu sake lissafi." Ya yi murmushi ya ce akwai masu yi. Kuma gaskiya ya faɗa, akwai su. Mutumin ba mugu ba ne, masallaci ma ya gina a unguwarsu. Abin da bai gane ba shi ne, tsayuwar ginin maƙwabcinsa ba shaida ba ce, jinkiri ne kawai.

Su wane ne masu yin? Wasu ba injiniyoyi ba ne, magina ne da suka daɗe a aiki har aka fara kiransu da sunan. Amma kada mu ɓoye a bayansu. Akwai masu rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da wannan sana'a, waɗanda ake kai wa zane har ofis, su buga hatimi su sa hannu su karɓi na goro, ba su duba lissafi ba, ba su taɓa taka filin ba. Da wannan hatimin ake samun izinin gini. Ma'anar hatimin ita ce mai shi ya duba, ya gamsu, ya kuma ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Wanda ya sayar da shi ya yi shaidar zur a kan rayukan mutane.

A Amurka an taɓa yin irin wannan. Ranar 17 ga Yuli, 1981, wasu gadojin tafiya da aka rataya a cikin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas suka faɗo kan jama'a, mutum 114 suka mutu. Bincike ya gano an sauya yadda aka tsara sandunan da ke riƙe da su, sauyin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗa ɗaya, kuma zanen sauyin ya wuce da hatimin injiniyoyi ba tare da an sake lissafi ba. Hukuma ta ƙwace lasisin injiniyoyin biyu da ke da alhakin aikin, kuma har yau ana koyar da labarin a jami'o'i. Mu kuwa mun ga benen titin Beirut a nan Kano ya faɗo a watan Agustan 2022. Mun ga makarantar Saints Academy ta Jos ta rufta kan ɗalibai ranar 12 ga Yuli, 2024, mutum 22 suka rasu. Kowane karo akan kafa kwamiti, a yi jaje, sannan a ce ƙaddara ce.

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye mudu, har sura guda aka saukar da sunansu. Rage siminti tauye mudu ne, kuma wanda aka tauye wa da ransa yake biya. Ajali na Allah ne, sakaci na mai shi ne, kuma za a tambaye shi.

Na san abin da ƙannena a wannan sana'a za su ce. Matashi ya gama jami'a ya yi hidimar ƙasa, ya shekara uku yana yawo da takardu, ga iyaye ga ƙanne. Ya samu aiki da ƙyar, sai maigida ya ce a rage rodi. In ya ƙi, gobe an kawo wani, kuma ginin zai tashi ko da shi ko babu shi. Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ita ce dalilin da ya sa janye hannu a ɓoye bai isa ba. Idan injiniya ya bar aiki saboda yana tsoron ginin zai faɗi, wajibi ne ya rubuta wa hukumar da ta ba da izini, a Kano KNUPDA ke nan, ya kuma aika wa COREN kwafe. Wannan ba tonon asiri ba ne. Sirrin maigida yana ƙarewa a inda ran wani ya fara.

Don hakan ta yiwu, dole manyanmu su tsaya wa ƙananan. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya tana da rassa a jihohi. Ya kamata kowane reshe ya zama wurin da matashi zai kai ƙorafi, manya su raka shi gaban hukuma, don kada a ce yaro ne ya yi wa Alhaji rashin kunya. Ita kuma COREN ta riƙa buga sunayen waɗanda ta ƙwace wa lasisi a jaridu, kowa ya gani. Hukumomin tsara birane su daina amincewa da zane kaɗai, su nemi sakamakon gwajin kankare na kowane hawa kafin a ɗora na gaba.

Masu gini ma da nasu laifin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alhaji, idan injiniyanka ya ce a'a, ka gode wa Allah da ya haɗa ka da mai gaskiya, kada ka tafi neman mai cewa to. Ka tambayi lambar rajistarsa, ka biya shi haƙƙinsa na zuwa duba aiki, ka nemi takardar gwaji ka ajiye. Ku kuma abokan sana'ata, kafin ku buga hatimi, ku tambayi kanku ko za ku yarda 'ya'yanku su kwana a ƙasan wannan dakin. In amsar a'a ce, ku ajiye alƙalami, ku je ku faɗa wa hukuma.