Tayar ƙanƙara ba ta kwaltar Kano ba ce

Cikin tayoyin Beljiyam da ke kasuwa akwai na lokacin ƙanƙara, kuma zurfin zanensu na ruɗin masu saye. An haɗa robarsu ne don ta riƙe laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, shi ya sa lardin Kwibek na Kanada ya wajabta su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A zafin Afrilu na Kano kuwa, laushin nan illa ne: taya na saurin cinyewa, mota na ƙara tafiya bayan an taka birki. Mai saye ya haska fitilar wayarsa a gefen tayar. In ya ga tambarin tsauni mai kai uku da ƙanƙara a ciki, ya bar wa mai shago kayansa, komai arha.