Man mota daga gansakuka: Darasin da ke ciki ga Gumel da Gagarawa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk ɗan kasuwar da ke ɗauko riɗi ko zoɓo daga Maigatari zuwa Kano ya san yadda kuɗin mota ke cinye riba. Wannan ya farfaɗo da batun samar da mai daga tsirrai, wanda Najeriya ta tsara wa manufa tun 2007. Daga cikin hanyoyin da masana ke nazari har da gansakuka, musamman ƙananan nau'o'inta da ido ba ya gani, waɗanda ke tara maiƙo a jikinsu.

Abin sha'awa da ita shi ne ba ta buƙatar gona. Tana girma a tafki, kuma wasu nau'o'in na jure ruwan gishiri ko ruwan da aka gama amfani da shi. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, mata sun daɗe suna kwasar wani nau'inta daga tafkunan kanwa, su shanya, su sa a miya. Amma mayar da ita man mota da araha ya gagari manya. Amurka ta gudanar da shirin bincike daga 1978 zuwa 1996, ta tara nau'o'i kusan 3,000, sannan ta rufe shi. Kamfanin ExxonMobil ma ya janye daga harkar bayan ya shafe fiye da shekara goma yana zuba kuɗi.

Ɗaya daga cikin manyan matsalolin ita ce dogaro da nau'i guda. Idan aka cika buɗaɗɗen tafki da iri ɗaya, cuta ko ƙananan halittu masu cin gansakuka na iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Gwaje-gwaje sun nuna cewa tafkin da aka gauraya nau'o'i ya fi jure hari da sauyin zafi, domin idan wani ya yi rauni wani zai maye gurbinsa, ko da yake ba kullum yake fin yawan mai ba. Manomin Sule Tankarkar da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya ya riga ya san wannan hikima.

A nan ne darasin ya shafi arewacin Jigawa. A zamanin Gwamna Badaru Abubakar, shirin ba kamfanin Lee Group hekta 12,000 domin noman rake a Gagarawa da maƙwabtanta ya haifar da taƙaddama da manoman da suka ƙi rabuwa da gonakinsu. Rake ma ana samun man ethanol daga gare shi, sai dai yana shan ruwa sosai, a yankin da daminarsa gajeriya ce. Gansakuka ba za ta karɓe gonar kowa ba, amma zafin Gumel zai riƙa ƙafar da tafki, don haka tambayar ruwa na nan daram.

Kafin a sa hannu kan kowace yarjejeniyar mai daga tsirrai, ya kamata jami'an gwamnati su nemi amsa uku: ƙasar wa za a ɗauka, daga ina ruwan zai fito, kuma me zai faru idan nau'in da aka dogara da shi ya lalace. Jami'o'in Dutse da Kafin Hausa na iya farawa da ƙidayar nau'o'in gansakukar da ke kududdufan yankin, waɗanda suka riga suka saba da zafinsa. Wannan aiki ba shi da tsada, kuma shi ne zai nuna ko akwai abin da za a gina a kai.