Kafin a kai tsohuwar PS2 wa ƴan gwangwan, a fara kai ta wa mai gyaran waya

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har Riruwai ta Doguwa, da wuya a rasa gidan gem da ke da PlayStation 2 ɗaya ko biyu a jibge a lungu, ƙura ta rufe su. Idan an tambaya, amsar ɗaya ce: ta ƙone. Daga nan sai ɗan gwangwan ya zo ya ɗora ta a sikeli. Wannan asara ce, domin sau da yawa abin da ya mutu a ciki bai kai ƙwayar shinkafa girma ba.

Sony ya fitar da PS2 a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 155, ya daina ƙera ta a farkon 2013. A 2018 ya rufe sashen gyaranta a Japan. Ma'ana, babu sabuwa da za ta sake fitowa. Duk wadda aka farfasa a Bebeji ko Ƙiru ta tafi ke nan.

Me ke kashe su? Galibi wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Tsohuwar babbar PS2 da aka ƙera don waɗannan ƙasashe, in aka soka ta kai tsaye babu tiransifoma, sashen wutarta ne ke fara tafiya. Siririyar kuma, samfurin SCPH-70000, adafta mai bolt 8.5 take so. In aka haɗa ta da wata adaftar da ta fi ƙarfi, ko janareta ya yi tsalle, ƙananan fiyus da ke manne a kan fanel su ne ke yankewa don su kare sauran. Mita ce kawai za ta nuna wanda ya yanke. A PS4 ta farko, wadda ta fito a 2013, in na'ura ta kunnu amma hoto ya ƙi fitowa, laifin yakan tsaya kan bakin HDMI ko kan IC ɗin Panasonic mai lamba MN86471A da ke bayansa.

Irin waɗannan kayan ba su da dogayen ƙafafu da ke ratsa fanel kamar na tsohuwar rediyo, a saman fanel ake liƙa su da dalma. Haka cikin kowace waya yake. Yaron da ke canza IC ɗin caji na Tecno ko Itel a bakin kasuwa yana da bulowa, da mita, da hantsaki, da man dalma. Kayan aikin ke nan. Hasali ma fanel ɗin PS2 ya fi na waya fili, kayansa sun fi girma, hannu ya fi sakewa.

Aikin dai yana son haƙuri. Dalma mai gubar nan ta da tana narkewa a digiri 183, ta zamani marar guba sai wajen 217. Wanda ya matsu ya fizgi IC kafin dalma ta narke duka, zai ɗago ta tare da siraran layukan tagulla na fanel, ƙaramar matsala ta koma babba. Sai a rufe robobin da ke kusa da tef mai jure zafi, a lura da ɗigon da ke nuna ƙafa ta farko, a auna kafin a cire komai. Sashen wuta kuwa, babban kapasitansa yana riƙe caji ko bayan an zare soket, kuma yana iya illata mutum.

Akwai kuma iyaka da ya kamata mai gyara ya faɗa wa mai kaya. Manyan IC da ƙafafunsu ƙwallayen dalma ne a ƙarƙashinsu, irin na hoton PS3 da Xbox 360, bulowar tebur ba ta isa ba. A hura musu zafi na'ura ta farfaɗo na ɗan lokaci a karɓi kuɗi, wannan yaudara ce. Microsoft kansa a 2007 sai da ya ware fiye da dala biliyan 1 saboda matsalar jan zobe ta Xbox 360.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda ga PPSSPP da eFootball a waya? Ga mai waya mai ƙarfi da kuɗin data, haka ne. Amma gidan gem sana'a ce. PS2 ba ta buƙatar intanet, ƙaramin janareta yana ɗaukar ta, kuma yaron da ba shi da waya yana iya buga wasa da ɗan canjinsa. Kowace na'ura da ta tsaya, kuɗin cefanen wani ne ya ragu. Ɗaukar ta zuwa Farm Centre ko titin Beirut a Kano kuwa, daga Doguwa, ya haɗa da ratsa dajin Falgore, kuɗin mota zuwa da dawowa, da yini guda a banza.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ɗan gwangwan ƙarfe da tagulla yake biya, ba ya biyan IC mai rai.

Saboda haka matattun na'urori biyu sukan iya haifar da rayayya ɗaya: a ciro fiyus, IC da bakin soket daga wadda ta fi lalacewa. Mai gidan gem ya riƙe matattun nasa, ya kai su teburin gyaran waya mafi kusa. Mai gyara kuma ya fara koyo a kan fanel ɗin da babu mai kukansa, ya cire ya mayar har hannunsa ya faɗa, kafin ya taɓa na kwastoma.