Kira Ga Majalisar Tarayya Da Gwamnoni: A Fayyace Mana Mai Makarantar Firamare

Masu girma 'yan Majalisar Tarayya, Gwamnoninmu, da shugabannin RMAFC, hukumar da ke tsara rabon arzikin ƙasa: Kuka na kawo, ina fata a saurare ni.

Duk wanda iska ta taɓa yaye kwanon makarantar firamare a garinsu ya san wahalar neman mai gyara. Shugaban ƙaramar hukuma zai ce kuɗinsa na hannun jiha. Jiha ta ce tana jiran kason UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, daga Abuja. Abuja kuwa ta ce kuɗin na nan a ajiye, jiha ce ba ta kawo nata rabin ba, kamar yadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta gindaya. Kowa da hujjarsa a takarda, yara kuma damina na dukansu a aji.

Tushen matsalar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Jadawali na huɗu ya ba ƙaramar hukuma kasuwa, maƙabarta, kwashe shara da rajistar haihuwa, ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba. Da aka zo kan firamare da kiwon lafiya, sai aka ce za ta sa hannu ne a aikin jiha. Sa hannu har zuwa ina? Ba a faɗa ba. Ga shi daga kasonta ake cire albashin malamai, alhali ragamar harkar na hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke nan.

A rabon asusun tarayya, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. RMAFC ta miƙa wa Shugaba Buhari sabon tsarin rabo a 2022, bai zama doka ba.

Mun yi murna da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Sai dai asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi na nan daram a sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki. Kuma a ganina, ko kuɗin sun iso, muddin ba a rubuta aikin kowa ba, za a ci gaba da nuna wa juna yatsa.

Gyaran ba gagararre ba ne. A 2023 an gyara Kundin Tsarin Mulki, aka ba jihohi damar shiga harkar lantarki, jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Muna roƙo, don girman Allah, a yi wa firamare da asibitin ƙauye irin wannan adalci: a ambaci matakin gwamnatin da zai gina, da wanda zai biya albashi, sannan a gyara rabon kuɗi ya bi nauyin da aka ɗora wa kowa. A kuma wajabta wa kowace ƙaramar hukuma manna abin da ta karɓa da abin da ta kashe duk wata a allon sakatariya, da harshen da mutanenta ke ji.

Ranku ya daɗe, a taimaka a yi wannan kafin wata daminar ta zagayo.