Baƙon tsiro: a san halinsa kafin a ba shi gona

Ya ku ƴan'uwa manoman Hawandawaki, da ku ma'aikatan gidan gona na Tasawa da Mayahi, ga labarin wani tsiro da ya kamata mu yi tunani a kansa.

Sunansa kudzu. Dangin wake ne, mai yaɗo, asalinsa ƙasashen Sin da Japan. Furensa shuɗi ne mai sirkin ja, da ƙamshi irin na inabi. A can ana fitar da gari daga saiwarsa domin abinci da magani, ana saƙa tufa da zarensa, bisashe kuma suna cin ganyensa.

A shekarar 1876 aka kai shi Amurka, wurin baje koli a birnin Filadelfiya. Cikin shekarun 1930 da 1940, ruwa yana kwashe ƙasar gonaki a kudancin ƙasar, sai gwamnati ta rarraba irinsa, har tana biyan manomi dalar Amurka 8 a kan kowace eka. Kudzu ya riƙe ƙasa, amma bai tsaya inda aka shuka shi ba. Yakan ƙaru kusan santimita 30 a yini guda, ya lulluɓe itatuwa, ya hana su rana har su mutu. A 1953 hukuma ta daina ba da shawarar shuka shi, a 1970 ta sa shi cikin miyagun ciyayi.

Wani zai ce ruwan damanarmu bai ishi kudzu ba, saboda haka ina ruwanmu? To, mu ma mun ga irin wannan. Itacen furosofis mai ƙaya, wanda aka dasa a shekarun 1970 domin tsai da rairayi, ya mamaye filaye masu yawa a bakin tafkin Cadi. A nan jihar Maraɗi kuwa, kowa ya ga yadda garmani ya cinye burtali da makiyaya.

Ba cewa muke a ƙi kowane baƙo ba. Dogon yaro daga Indiya ya zo, ga shi muna shan inuwarsa. Abin da muke kira gare shi shi ne: duk sabon irin da aka kawo, a gwada shi a ƙaramin fili na wasu shekaru, a ga yadda yake yaɗuwa, a kuma ji ta bakin manoma da makiyaya kafin a rarraba shi.

Kafin nan, mu riƙe abin da muka sani. Gawo yana zubar da ganye da damana, yana takin gona, ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Sassaben zamani, wanda ya bunƙasa a Maraɗi tun shekarun 1980, ya mai da itatuwa gonakinmu ba tare da an sayo iri daga ƙetare ba.

Shuka tsiro aikin damana ɗaya ne. Tumɓuke shi yana iya zama aikin jikoki. Rigakafi ya fi magani.