Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi: Ina iyali za su sauka idan suna son ganin filayen yaƙin jihadi?

Duk lokacin hutun ƙarshen shekara, 'yan asalin arewacin Zamfara da ke zaune a Abuja da Kaduna da Kano sukan fara lissafin zuwa gida da iyali. A cikinsu akwai waɗanda ba zumunci kaɗai ke ransu ba. Suna so yaran da suka tashi a birni su ga ƙasar da aka gwabza yaƙe-yaƙen da ake karanta musu a darasin tarihi: kufan Alkalawa, kufan Birnin Zamfara, Kiyawa, da wajen Zurmi inda Namoda ya yi suna.

Buri ne mai kyau. Sai dai kafin a kai ga zancen abin da za a gani, akwai tambayar da ke yanke komai, wato a wane gari za a sauke kaya a riƙa kwana. A cikin garuruwan uku da ake yawan ambata, Ƙaura Namoda ce ta fi dacewa, ko da yake ita ce ta fi nisa da wurin da kowa ya fi ɗokin gani.

A ƙasar Faransa iyalai na yin irin wannan muhawara kowace shekara. Masu zuwa ganin gaɓar tekun Nomandi, inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni, 1944, sukan rasa zaɓi tsakanin Bayeux, ƙaramin garin da yaƙi bai rusa ba, da Caen, babban birnin da aka ragargaza sannan aka sake ginawa. Wuraren saukar guda biyar sun bazu a tsawon kusan kilomita 80, don haka masauki ne ke nuna abin da za a iya gani a yini. Amma su can lissafinsu na kuɗin otal ne da gajiyar yara. An haura shekara 80 da daina harbi a Nomandi. A bakin Gagare da Bunsuru da Rima kuwa har yau ana jin ƙarar bindiga.

Taswira za ta ce Shinkafi

Wanda ya buɗe taswira a wayarsa zai ga kamar magana ta ƙare. Shinkafi ce kan hanyar Isa da Sabon Birni, kuma a wannan yanki ne manyan wuraren suke. Kusa da Isa akwai kufan Birnin Zamfara, hedikwatar Zamfarawa da Sarkin Gobir Babari ya ci wajajen 1760. Gaba kuma, a ƙasar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, ga Alkalawa, birnin Bawa Jangwarzo da Yunfa. A kusa da ita ne aka yi yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu suka yi asarar mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200, kamar yadda Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri. Shekara huɗu bayan haka, a watan Oktoba na 1808, birnin ya faɗi, aka kashe Yunfa. A cikin ƙaramar hukumar Shinkafin kanta akwai Katuru, inda Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a 1842 yana dawowa daga yaƙi da Gobirawa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma duk ba ya amfanar magidancin da ke da mata da yara a mota. Fakai, inda Bello Turji ya daɗe da kafa sansani, tana ƙasar Shinkafi. A watan Disamba na 2021, a ƙauyen Gidan Bawa, 'yan bindiga suka tare motar fasinja suka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka mutu. Hanyar da za ta kai mutum Alkalawa ke nan. Kusancin da taswira ke nunawa kusanci ne na kilomita, kuma kilomita 20 a wannan yanki na iya fin 200 a wani wuri tsada.

Mutanen Shinkafi suna zaune a garinsu, suna cin kasuwarsu ta Alhamis, suna noma gwargwadon hali. Ba wanda zai raina juriyarsu. Amma mazaunin gari ya san ranar da ba a fita da lokacin da ake rufe ƙofa, yana da wanda zai kira kafin ya hau hanya. Baƙon da ya zo da mota mai lambar Abuja ba shi da ko ɗaya, kuma motar tasa ma sanarwa ce.

Abin da ya kamata a tuna shi ne, wannan hanya ta taɓa zama haka. A 1853 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi da Badarawa zuwa Wurno. Da ayarinsu ya iso dajin Gundumi, sai da suka yi tafiyar yini da dare ba yada zango saboda tsoron mahara. Fatake na wancan zamani ba sa shiga dajin sai sun taru sun yi yawa, kuma sukan zaɓi zangonsu ne bisa ganuwar gari da amincin mai masauki. Wanda zai kai yaransa yankin a yau, da ma'aunin fatake ya kamata ya auna.

Zurmi

Zurmi na da hujjarta. Gari ne na Alibawa, gidan Abu Hamidu da ya karɓi tuta, kuma a kusa da ita ne, a Fafara, Namoda ya karya rundunar Gobirawa da Abzinawa a 1806, a daidai lokacin da jama'ar Shehu ke cikin matsi bayan asarar da suka yi a Alwasa. Wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa Alkalawa ta faɗi bayan shekara biyu, daga nan zai fara.

Amma dajin da ya haɗa Zurmi da Jibiya da Batsari yana cikin mafi hatsari a Arewa maso Yamma. A watan Afrilu na 2024 'yan bindiga sun shiga cikin garin Zurmi har suka kai hari fadar sarki. Garin da fadarsa ba ta tsira ba, ba wurin kwanan baƙo da yara ba ne. Idan da dangi a can, a kira su su zo Ƙaura a gaisa.

Abin da Ƙaura ke da shi

Ƙaura Namoda ma ba aljanna ba ce. Ƙauyukan da ke kewaye da ita sun sha hare-hare, kuma hanyar Gusau zuwa Ƙaura ta ga tare motoci ba sau ɗaya ba. Fifikonta shi ne, ita kaɗai ce a cikin ukun da iyali za su iya cika kwana biyu da tarihi ba tare da sun fita bayan gari ba.

Sunan garin ma darasi ne. Namoda na cikin jagororin yaƙin da suka ci Alkalawa tare da Muhammadu Bello da Aliyu Jedo, kuma ya rasu wajajen 1810 a yaƙin Kiyawa, birnin da Sarkin Gobir Yakuba ma ya rasa ransa a kansa tun kafin jihadi. Shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Kiyawa. Yaron da aka zaunar a zauren fada aka warware masa yadda wannan sarauta ta samo suna, ya koyi abin da tsayuwa a kan kufai ba za ta koya masa ba. Kufai ba ya magana. Tudun ƙasa ne da ƙaya da tsamiya, sai an samu dattijon da zai ce nan ƙofa take, can aka ja dāga. Dattawan kuwa a cikin gari suke, da yawansu ma rashin tsaro ne ya koro su daga ƙauyuka.

A Ƙaura ne kuma Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a 1891. Ga tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo daga Zariya ta Gusau ya tsaya a 1929, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga da fata zuwa kudu. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, amma yaro ya ga inda dogo ya ƙare da idonsa abu ne da ba ya mantawa. Ga gulbin Gagare, wanda ruwansa ke gangarawa arewa har ya shiga Rima, gulbin da Alkalawa ke bakinsa. Uba mai dabara zai iya tsayawa a bakin ruwan ya nuna wa 'ya'yansa inda ya dosa, ya ba su labarin 1808 daga nan.

Akwai kuma abubuwan da ba na tarihi ba, waɗanda uwa ta fi uba tunawa da su. Garin na da babban asibiti, kuma idan abu ya fi ƙarfinsa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau tafiyar kusan awa ɗaya ce. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke garin tun 1983 ta sa an saba da baƙi, akwai masaukai da wuraren cin abinci, kuma fuskar da ba a sani ba ba ta jan ido kamar a ƙaramin gari.

Masu cewa a kwana Gusau

Wasu za su ce tunda haka ne, a sauka Gusau mana, inda otal suka fi yawa da kyau, a riƙa zuwa Ƙaura da safe ana dawowa da yamma. Wannan shawara na da kamar hankali, amma lissafinta bai fita ba. Hatsarin yana kan hanya ne fiye da cikin gari. Iyalin da suka kwana biyu a Ƙaura sau biyu za su bi hanyar, zuwa da dawowa. Waɗanda suka sauka Gusau sau huɗu za su bi ta, biyu daga ciki da yamma, lokacin da motoci suka ragu kuma kowa ke sauri. Gusau ta dace da kwanan farko ga wanda ya taso daga nesa ya iso bayan la'asar, don kada ya ƙarasa Ƙaura da duhu. Bayan wannan, a shiga gari a zauna.

Gidan dangi kuma ya fi otal, ko da ɗakin bai kai na otal sanyi ba. Mai masauki ne ke jin labarin da ba ya fitowa a Facebook sai bayan kwana biyu. An ga amfanin haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka rufe kasuwannin mako. Wanda ya dogara da intanet a lokacin ya zama makaho, labari ya koma bakin direbobin tasha da 'yan kasuwa.

Farashin wannan zaɓi a bayyane yake: ba za a ga Alkalawa ba, ba za a ga Katuru ba, haka Fafara da kufan Kiyawa. Uban da ya yi wa yara alkawarin birnin Yunfa zai ji ba daɗi. Yana da kyau ya faɗa musu dalili ƙarara, domin shi ma dalilin tarihi ne da suke rayuwa a cikinsa. Laifin kuma ba nasa ba ne. Gwamnatocin Zamfara da Sakkwato na yawan ambaton jihadi a jawabai, alhali wuraren da aka yi shi sun zama inda malamin makaranta ba zai iya kai ɗalibansa ba.

Wanda ya ƙudurta sai yaransa sun taka wani wuri na jihadi da ƙafarsu, gara ya raba tafiyar biyu. Ya yi Ƙaura a wannan hutu, a wani hutun ya sauka birnin Sakkwato, inda Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu suke a cikin gari. Ko Ƙaurar ma, a kira mai masauki daren da za a taso, a sake kiransa da asuba. Idan ya ce a dakata, a sauke kaya daga mota.