Wa ake rubuta wa bayanin tiyatar fankiriyas?

Cikin ayyukan tiyata da ake yi wa mutum a ciki, kaɗan ne suka kai aikin Whipple nauyi. Fankiriyas wata tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini, ita ce kuma ke zuba wa hanji ruwan narkar da abinci. Idan sankara ta kama kan fankiriyas, likita zai yanke kan, ya haɗa da farkon ƙaramin hanji, da maɗaciya da wani yanki na bututunta, wani lokaci har da gefen tumbi, sannan ya ɗinke abin da ya saura a jikin hanji. A kwashe awa shida ana aikin ba abin mamaki ba ne. Allen Whipple, likitan birnin New York da aikin ya ci sunansa, ya bayyana shi a 1935, kuma har zuwa shekarun 1970 kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa aikin ba sa barin asibiti da rai. Yau a manyan asibitocin da suka saba da shi, adadin bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Hannun likitoci ya faɗa, babu musu. Inda nake da ƙorafi shi ne alƙalaminsu.

Wanda aka ce za a yi masa irin wannan aiki ba ya samun barci. Shi ko ɗansa zai ɗauki waya cikin dare ya shiga intanet neman bayani. To me zai tarar? A 2016 mujallar JAMA Surgery ta buga binciken wasu likitoci na birnin Boston da suka duba shafuka 50 masu bayani kan magance sankarar fankiriyas. Sun gano cewa kafin mutum ya fahimci yawancinsu, sai ya yi aƙalla shekara 13 a makaranta, wato ya gama sakandare ya taka jami'a. Alhali Ƙungiyar Likitocin Amurka ta daɗe da ba da shawarar cewa a rubuta wa majinyaci bayani yadda ɗan aji shida zai karanta ya gane. Ba don raini suka faɗi haka ba: wani bincike na ƙasa da aka yi a can a 2003 ya nuna kashi 12 cikin 100 kacal na manya ne ke da cikakkiyar ƙwarewar fahimtar bayanan lafiya. Wannan fa a ƙasar da Turanci ne harshen gida ga mafi yawan jama'a.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a binciken na Boston shi ne, shafukan da suka fi faɗin gaskiya su suka fi wuyar karantawa, kuma masu tallar hanyoyin magani na daban su suka fi cika da kuskure. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya saurari mai tallar magani da lasifika ya san yadda abin yake: bakinsa a sake, kowa na gane shi, kowace cuta yana da maganinta. Mai gaskiya ya tsaya yana zuba kalmomin Latin, ai dole a bar shi a taru wurin wancan.

Na koyar da Turanci a sakandare har na yi ritaya, shi ya sa maƙwabta kan kawo mini takardun asibiti in karanta musu. Mutanenmu da ake turawa Indiya ko Masar don irin wannan tiyata, shafukan nan na Amurka da Ingila suke buɗewa, domin su ne a saman bincike. Wata rana wani matashi ya miƙo mini wayarsa, ya ce, “Malam, don Allah duba mini abin da za a yi wa Baba.” Sakin layin farko jimla biyu ne, kowace ta yi tsawon da sai na koma farkonta. Ni da na ci abinci da harshen, sai da na nemi ƙamus.

Akwai ma'aunai da ake gwada wuyar rubutu da su, irin su Flesch-Kincaid na 1975, wanda aka ƙirƙira don littattafan horar da sojojin ruwan Amurka. Tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalma suke ƙirgawa, iyakarsu ke nan. Mutum na iya datse jimlolinsa ya ci jarrabawar ma'aunin, majinyaci kuma ya tashi bai ƙaru da komai ba. Saboda haka ban yarda da masu cewa sauƙaƙawa na nufin rage bayani ba. Majinyaci na buƙatar a faɗa masa, da kalmomin yau da kullum, cewa ɗinkin fankiriyas na iya yoyo bayan aiki, cewa tumbi kan yi nawar sauke abinci na wani lokaci, cewa zai iya ramewa, zai iya buƙatar ƙwayoyin narkar da abinci duk sa'ad da zai ci, kuma ciwon sukari na iya biyo baya. Idan duka tsokar aka cire, allurar insulin ce har ƙarshen rayuwa. Idan jelarta aka yanke, sau da yawa ana haɗawa da saifa, sai ya buƙaci allurar rigakafi. Wanne ne cikin waɗannan ɗan aji shida ba zai gane ba?

Wanda ya sa hannu a takardar amincewa da tiyata bai san abin da za a cire masa ba, hannu kawai ya sa. Asibitocin da ke rubuta waɗannan shafuka su riƙa ba majinyata na gaske su karanta kafin a wallafa. Kai kuma mai jinya, kada ka bar ofishin likita sai ka maimaita masa abin da ka fahimta da bakinka, ya ce maka haka ne.